Kukan Motarka a Kwanar Maƙabarta

Zuwa ga Maigida, Baban Zainabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Makon jiya na fita takaba, kuma ba zan iya haɗiye abin da ƙanenka Haruna ya yi da motarka da sunana ba sai na gaya maka.

Ka dai san Haruna, mutumin da jaki ma kayar da shi yake yi tsakanin gida da gona. Ranar sadakar bakwai ya karɓi makullin motar nan da ka sayo a Damazin hannun masu aikin madatsar ruwa, wai zai riƙa jigilar fasinja zuwa garin Sinnar saboda marayu. Ya sayi baƙin tabarau, ya ce daga ranar a kira shi Usta, babban makanike ke nan. Wanda bai san ramin mai da ramin ruwa ba.

Ba a yi wata biyu ba mota ta fara kuka, kuma inda ta fi yi shi ne kwanar maƙabarta, inda kake kwance. Da ya karya sitiyari sai ta saki gurnani, fasinja su kama salati. Mai hankali da sai ya buɗe gaban mota ya duba. Gogan naka kuwa sai ya zauna wurin mai shayi yana girgiza kai, wai mamaci ne ke kai ƙara, wai ka tafi da fushin wani a cikin gida. Bai kama suna ba. Ba sai ya kama ba, mace nawa ka bari?

Surutun gari bai dame ni ba, sun saba. Inna ce ta karya ni. Mahaifiyarka, wadda shekara goma sha shida ba ta cin kisirar kowa, wainar dawar nan mai faɗi, sai tawa, ta fara maido mini da kwano a rufe yadda na aika. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ina ɗaki ba fita, amma kunnena bai shiga takaba ba. Kullum in zai juya mota a ƙofar gida ina jin kukan ƙasa-ƙasa. Sai na tuna ka tsugune da safe, kofin gahawar jabana a hannu, kana cewa, "In ta yi tsuwa, bel ne ya saki. In ta yi gurnani, famfon sitiyari ne ke jin ƙishirwa." Wannan gurnani ne. Kuma duk hanyar Sinnar, ina ake karya sitiyari har ƙarshe in ba a kwanar nan ba?

Na aika masa ya duba man sitiyari. Ya ce a gaya mini mai takaba ta ji da carbinta. Ya turara mota, ya rataya laya a madubi, ya yanka zakara. Naman a cikinsa ya ƙare, kukan kuma sai abin da ya ƙaru.

Ranar da na fita, na sa aka kira mini abokinka Usta Bala daga Sinnar. Aka tsayar da mota a ƙofar gida, rabin unguwa ya taru, Inna na zaune a zaure. Ya buɗe murfin gwangwanin man sitiyari, sai kumfa. Yana shinshinawa yana yamutsa fuska, ni kuwa na riga shi ganewa, don hancin madafa ne da ni. Man riɗi ne, Maigida. Man riɗin miya.

Ashe da saƙona ya je, ya leƙa a ɓoye ya ga mai ya yi ƙasa. Kunya ta hana shi tambaya a Sinnar, kada a ce Usta bai sani ba, sai ya ɗebi na matarsa ya tuttula. Da aka ritsa shi ya ce, "Mai ai mai ne." Wato ya san mai ne, ya bari ana ta cin namana wata biyu cur.

Tiyo ne ya tsage a bakin maɗauri, yana zubar da mai yana shan iska. Usta Bala ya sa sabo, ya wanke ƙazantar Haruna, ya zuba jan man sitiyari, ya ɗaga gaban mota da jak. Ya ce a riƙa juya sitiyari dama da hagu har iska ta fita. Haruna ya miƙo hannu, Usta Bala ya ce a ba matar marigayi. Na riƙe inda hannunka ya goge fatar sitiyarin, na yi ta juyawa har kumfa ta kwanta. Aka cika mota da mutane, aka zaga kwanar sau uku, tsit. Haruna ya gyara tabarau ya ce dama shi ma ya yi zargin haka.

Da la'asar Inna ta zo ɗakina da ƙafarta. Ta ci kisira a gabana, ta ce in yafe mata, na ce ban riƙe ta ba. Har ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Kin sani, 'yar nan, kullum da safe nakan tsaya bayan danga in saurari kukan motar. Ko fushi ne, ai muryarsa ce. Yanzu kam ya tafi."

Na wanke sunana, amma tsohuwa ta sake yin rashinka a hannuna, kuma wannan ne ba zan yafe wa Haruna ba. In na yi kuskure, kai ka yafe mini.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sanyaya zuciyar Inna, ya raya mana Zainabu da ƙannenta. Amin.

Ni ce matarka,
Maman Zainabu