Na Koyi Keke Ba Ka Nan

Zuwa ga Dogona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka a busasshiyar ƙasa har ƙamshinta ya tashi, mijina kuma abokin faɗana.

Ina fata kana lafiya, da Inna da gwiwar nan tata, da Auta sarauniyar surutu. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kewarka da ta biyo ni cikin jirgi ba biza ba fasfo, ta sauka inda na sauka, ta ce ita ma aikin sa-kai ta zo.

Kafin a rarraba mu asibitocin ƙauyuka sai mun gama horo, shi ya sa aka sauke ni gidan wata dattijuwa mai sayar da zare da maɓallai. Gwaggo nake ce mata. Ɗakina a sama yake, tagarsa na kallon igiyar shanyar maƙwabta. Gadon kuwa ƙafarsa ɗaya ta gaza, da ƙamus na tallafe ta. Kai da kake kafinta, da ka gan shi, sai ka nemi guduma kafin ka cire takalmi.

Kullum da safe muna ajin koyon harshen mutanen ƙasar nan. Ran nan Gwaggo ta ƙaro mini abinci, na buɗe baki da gadara zan ce mata na ƙoshi, ashe cewa na yi na haihu. Ta ajiye cokali, ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni ina jaririn. Ni fa, ungozoma guda! Yanzu duk wanda na gamu da shi a layinmu sai ya yi mini barka.

Amma babbar magana ita ce keke. Shugabar horon ta ce gidajen da za mu riƙa zagayawa mota ba ta shiga, duk wadda ba ta ci jarrabawar tuƙa keke ba gida za a mayar da ita. Ka tuna ranar da ka ce sai ka koya mini a bayan shagonka? Ka riƙe sirdi kana gudu kana rantsuwa ba za ka saki ba, ni kuma na waiwaya don in tabbatar, muka zube cikin garin katako, kanka fari fat kamar kakan wani. Mun yi dariya har cikina ya ƙulle, kuma tun ranar ban sake hawa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, sanyin idona, da na ji an ambaci gida zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan maraƙin da aka kwance. Mene ne wahalar faɗuwa jarrabawa? In karkata sau biyu a gaban shugaba, shi ke nan, sai ga ni a ƙofar shagonka. Wa zai zarge ni? Wace ciyawa ce za ta ƙi komawa bakin rafinta?

Sai aka kai mu ziyara wani ƙaramin asibiti. A kan benci na tarar da wata mai tsohon ciki, ƙafafunta a kumbure, tun safe take tafe a ƙasa don kawai a duba ta. Na riƙe hannunta, na haɗa 'yan kalmomin da na iya, ta yi murmushi ta gyara mini su. Washegari na ari keken jikar Gwaggo.

Da ka ga abin! Ni a filin bayan makaranta, Gwaggo a gefe da lema tana ba da umarni da harshen da rabinsa kawai nake ji. Na faɗi a ciyawa, na faɗi a yashi, na nemi gafarar wata bishiya. Jiya aka gwada mu, na zagaye filin nan tsaf, har da sakin hannu ɗaya. Gwiwoyina duk sun ƙuje, amma kada ka gaya wa Inna.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ƙauyen da za a tura ni waya ba ta kamawa sai an hau tudu, muryarka za ta yi mini wuya kamar ruwa a tsakiyar rani. Don Allah idan ka ji shiru kada ka sa wani abu a ranka. Ka rubuto mini a takarda, ko da fensirin bayan kunnenka ne. Gaya mini wanda ya kawo gyaran kujera, da abin da Auta ta fasa, da ko kana cin abinci a kan lokaci, don na san halinka.

Na ci jarrabawar da za ta ƙara nisanta ni da kai, kuma kai ne mutum na farko da na so ya yi mini murna. Ka yi mini ita, Dogona, ko da idonka ya ciko. Nawa ma ya ciko.

Taka ce ni a nan, taka a can, har ranar da zan dawo in same ka da hannuna,

Ungozomarka.