Baba, Ban Binne Mai Gwiwa Ba

Jarwal, Makka
Muharram, 1386

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan sanyin makwanci. Na san wannan takarda ba za ta iso hannunka ba, ba kuma wanda zai karanta maka ita. Amma kai ka koya mini ajami, kuma yau ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke cina sai kai.

Labarin gida babu daɗi. Alhazai sun watse, unguwa ta yi shiru, zafi ya sauko. Jikokinka Ummi da Asabe suna nan lafiya, sai dai Asabe ba ta cin abinci sai an matsa mata. Surukinka kuwa, Malam Tela, yau kwana goma sha tara ba ya gida. Yana tsare a Jidda. Ni na jawo masa, Baba. Ni da ƙaramar bindigarka ta Jamus, wadda kuke kira Mai Gwiwa.

Ban binne ta ba. Ka riƙe hannuna kwana biyu kafin ka cika, ka ce in fitar da ita bayan iyakar Harami, can gaba da Tan'imu, in haƙa rami in rufe ta inda ba mai gani. Na ce to. Ka sake tambayata, na rantse maka. Ƙarya na yi maka kana kan gadon mutuwa, kuma ga shi shekara guda ban samu bakin faɗa ba sai yau.

Ka tuna lokacin da nake zaton Mai Gwiwa wata tsohuwa ce a garinku? Tsofaffin sojoji abokanka, Baba Audu mai hannu ɗaya da Baba Ɗanjuma, sukan zo bayan la'asar ku zauna a bakin ƙofa. In ana zancen wanda ya mutu a yaƙi sai ku ce Mai Gwiwa ce ta durƙusa masa. In wani ya cika baki sai Baba Audu ya ce bai taɓa gaisawa da Bajamushiya ba. Ina jinku daga ciki, ina ta tunanin wace mata ce wannan da gaisuwarta ke kashe mutum. Ranar da maƙwabcinmu ya rasu da zazzaɓi, na fito ina faɗa wa yara wai Mai Gwiwa ta durƙusa masa. Ran nan ka mare ni. Ba ka taɓa dukana ba sai ranar, ba ka kuma sake ba.

Sai da na girma na shigo na tarar da kai kana goge ta da tsumma, sannan na gane ita ce baƙin ƙarfen da na gani a hannunka cikin jirgin ruwa, ina 'yar shekara bakwai, ranar da muka ƙetaro daga Sawakin ta Sudan ka zubar da harsasanta cikin teku ɗaya bayan ɗaya. Ba ka kore ni ba. Ka ja bayanta ka nuna mini yadda ƙarfen ke tashi ya lanƙwashe kamar gwiwar mai durƙuso, ka ce daga nan sojojin barikin Jamusawa na Garwa, inda ka yi soja, suka raɗa mata suna. Ka ce a ƙasar Jamus aka ƙera ta tun kafin babban yaƙi na farko, kuma hafsoshinsu kaɗai ke rataya ta a ƙugu. Soja baƙar fata ko taɓa ta ya yi sai bulala. Kai kaɗai aka yarje wa, don kai ke yi wa hafsan hidima, kai ke goge masa takalmi, kai ke goge masa ita.

Yadda ta zama taka kuwa, labari uku ka ba ni. Da fari ka ce kyauta ya ba ka. Daga baya ka ce tsintarta ka yi. Na ukun sai a ciwon ajali, kuma shi ne na gaskiya. Ka ce ranar da sojojin Ingilishi suka ci Garwa ka zare ta daga ƙugun hafsanka da ya mutu, ka gudu bakin Binuwai ka ɓuya cikin ciyawa. Wani sojan ɓangarensu ya sauko da buta zai yi alwala, ko bindiga ba ya riƙe da ita. Ya gan ka, ya buɗe baki, tsoro ya sa ka harba. Da ya faɗi sai ka ji yana salati, yana ce maka ɗan'uwa da Hausar Kano, irin Hausar mahaifiyarka. Ka ce saboda shi ka tako da ƙafa har Makka. Ka ce ko sunansa ba ka sani ba.

To Baba, me ya sa ba ka jefa ta a teku tare da harsasan ba? Me ya sa ka cusa ta cikin buhun gero ka shigo da ita garin da ko tsuntsu ba a kashewa? Shekara hamsin kana ɗauke da ita ka kasa rabuwa da ita, sannan ka ɗora mini ka ce in yi a yini guda. Ta yaya?

Na je fa. Wallahi na je. Bayan sadakar bakwai na naɗe ta cikin zane, na hau mota har Tan'imu, na wuce na sami gindin wani dutse, har na fara tona ƙasa da hannu. Da na kwance zanen sai na ga katakon mariƙinta ya lotse daidai inda babban yatsanka ke zama. Rigunanka an rabar, allonka an kai masallaci, tabarmarka ta mutu. Abin da ya rage mai alamar hannunka ita ce kaɗai. Na mayar da ita cikin zanen na dawo gida. Na ɓoye ta a ƙasan buhun ƙyallaye, kusa da keken ɗinkin Malam, don na san ba ya taɓa zazzage shi. Duk farkon wata, in ya fita kasuwa, sai in ciro ta in shafa mata man keke, yadda na ga kana yi. Bai taɓa sanin tana gidan ba.

Ka san yadda ake yi bayan Hajji, askarawan gwamnati su bi gida gida suna neman marasa iƙama, takardar izinin zama. Da kana raye umda, mai unguwarmu, kan ce musu gidan tsoho ne, su wuce. Bana ba su wuce ba. Da hantsi suka shigo, Malam yana kan keke, ni ina wanke-wanke. Ɗaya ya zazzage buhun, ta faɗo ƙasa da ƙara. Suka riƙa miƙa wa juna ita suna kiranta da wani suna nasu, barabillo. Babbansu ya shinshina ta, ya dubi kwalbar man keke, ya tambaya ta wane ne. Malam ya juyo ya dube ni sau ɗaya. Ba faɗa a idonsa, Baba, da ma faɗan ya yi. Sannan ya miƙe ya ce tasa ce.

Ni kuwa ina tsaye da kwano a hannu. Har suka fita da shi ban ce uffan ba. Wannan shi ne abu na biyu da ban san yadda zan ɗauke shi zuwa kabarina ba.

Sau biyu ina zuwa Jidda a bayan babbar mota, ni da Inna Sa'a mai waina. Na tsaya a ƙofar inda suke tsare da shi, na ce ta ubana ce, ya rasu, ni na ɓoye ta, ba ta da harsashi tun ina yarinya. Aka ce mijina ya riga ya dangwala yatsa a takardar amsa laifi, kuma wanda ya mutu ba ya shafa wa bindiga ɗanyen mai. Ba su bari na gan shi ba. Wani da aka sako ne ya kawo mini saƙonsa, wai in yi shiru in riƙe yara, kada in sake zuwa.

Jiya umda ya zo. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, ba za a ɗaure Malam ba, amma za a sa shi a jirgin ruwa zuwa Bur Sudan bayan Juma'a, kuma ba zai sake taka ƙasar nan ba. Inna Sa'a ta ce in zauna, in sauya unguwa in koma Mansur wajen 'yarta, tunda yaran nan a nan aka haife su, Larabci ma ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Gaskiyarta ne. Amma yaya zan zauna ina shan ruwan Zamzam, mutumin da ya ɗauki laifina yana yawo a ƙasar da bai san kowa ba?

Gobe da safe zan kai kaina, ni da yaran, in ce mu ma ba mu da takarda, a kore mu. Ban sani ba ko jirgi ɗaya za a sa mu. Umda ya ce ba ya iya yi mini alkawari. In mun sauka ma, ina za mu? A gonar auduga ka haife ni a Sudan, ƙasar Hausa a bakinka kawai na san ta. Malam ya bar ƙauyensu tun yana yaro. Wa zai buɗe mana ƙofa? Ina jin tsoro, Baba, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Na yi fushi da kai cikin kwanakin nan, ba zan ɓoye maka ba. Har na ce da ba ka haife ni ba. Na tuba. Ka yafe mini wannan, ka yafe mini rantsuwar da na karya. Ni ma na yafe maka.

Ɗazu na je Ma'ala in yi maka sallama. Mata ba sa shiga, sai na tsaya a jikin katanga ina leƙe. Duwatsu ne jere, duk iri ɗaya, ba suna ba alama. Malam ne ya sa ka a kabari, shi kaɗai ya san wanne ne naka, ban kuma taɓa tambayarsa ba don ina ganin muna nan tare har abada. Sai na ɗaga hannu na yi wa dukkan makabartar sallama, da fatan ka ji taka a ciki.

Sai mun haɗu, Baba. Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta.

'Yarka mai tafiya ta bar ka,
Hauwa'u