Sukari a Tankin Jirgina

Texas, 9 ga Mayu, 1944

Zuwa ga Yaya Vesta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara wa Mama sauƙin ƙafar nan, ya dawo mana da ƙaninmu Wendell lafiya daga bakin daga. Ni dai jikina lafiya lau. A gari zan jefa takardar nan, don a sansani ana buɗe wasiƙunmu. Don Allah kada ki karanta wa Mama.

Ranar Talatar da ta wuce aka ba ni sabon jirgin yaƙi in kai shi gabas, tun Litinin sunana na kan allo kusa da lambarsa. Da safe Manjo, shugabanmu, ya sauya shawara, ya ce in ɗauki wani, Odessa Pruitt ta ɗauki nawa. Odessa ita ce 'yar Alabama da muke ɗaki ɗaya, wadda na ce miki ba ta iya shan kofi ba tare da ta yi tsiya ba. A gabana ta tashi. Ba ta yi nisa ba injin ya yi tari sau biyu, ya mutu. Ta lallaɓa ta sauka a gonar auduga, jirgin ya kife. Tana raye, amma hannunta ya karye wuri biyu, likita ya ce da wuya ta sake tuƙi. A rahoto suka rubuta wai kuskurenta ne, ni kuwa ban yarda ba.

Da farko Saje Kowalik na zarga, tsohon bakaniken da ko gaisuwar mata ba ya amsawa. Sai ga shi jiya ya kira ni bayan rumfar jirage, ya buɗe tafin hannunsa, ya nuna mini abin da ya kankaro daga rariyar man jirgin, ya ce in ɗanɗana. Yaya, sukari ne. Ya ce ya kai wa Manjo, Manjo ya ce in zancen ya fita dukanmu mata za a sallama, don haka kowa ya kama bakinsa. Ya ƙara da cewa shi ba ya son mata a jirgi, amma ya fi ƙin a ɓata masa inji. Na tambaye shi wa ya kusanci jirgin ranar Litinin. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce in tambayi saurayina.

Kin san Royce ya daɗe yana matsa mini in ajiye aiki mu yi aure. Wata biyu da suka wuce muna cin abinci ya ce cikin raha, ranar da na sha ɗan tsoro a sama da kaina zan sauko. Na yi dariya a lokacin. Yau na tare shi, ya ce ai ya je duba mini tayoyi ne, kamar yadda ya saba. Wataƙila gaskiya ne. Shi ya fara zuwa asibiti duba Odessa, har da furanni. Ban sani ba ko tausayi ne ko wani abu. Da ya ga irin kallon da nake masa yau, ya ce, "Lorene, kina nufin ni kike zargi?" Na buɗe baki in ce a'a, kalmar ta ƙi fita.

Gobe zan tashi zuwa Ohio. Saje ya yarda zai zuba man a gabana, ni kuma zan duba rariyar da hannuna. Ba zan bar aikin nan ba. Amma yadin nan da kika saya na rigar biki, kada ki sa masa almakashi tukuna. In Mama ta tambaya, ki ce na rame, sai an sake awo.

Ki gaida maigidanki Emmett, da Goggo Lavinia, ki sumbatar mini Junie da Clyde.

Taki ƙanwa,
Lorene Haskett