Ranar da Na Raka Hafsatu Jami'a

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya zaman Fatakwal, ya Alhaji da yara? Ya ƙafar taki, da sauƙi? Mu nan Birnin Gwari sai godiyar Allah.

Yaya, na raka 'yata Hafsatu jami'ar nan da ake rububin shiga, wadda ta samu duk da rufe musu makaranta da aka sha yi saboda 'yan bindiga. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Ɗakin karatunsu kaɗai bene ne hawa-hawa, littattafai har rufi.

Amma bishiyoyin ne suka tsayar da ni. Ga duhuwa kamar bakin dajinmu, ɗalibai kuwa na zaune a gindinsu suna muhawara da dariya. Wani babur ya wuce da ƙara, gabana ya faɗi don na tuna baburan 'yan bindigar dajinmu, amma babu wanda ya ko waiwaya. Hafsatu ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, a nan ɗan acaɓa ne kawai."

Da hawaye na dawo gida, amma ba na baƙin ciki ba.

Ki sa ta a addu'a, Allah ya ba ta ikon kammalawa. A gaida Alhaji da yara, su Sadiya.

Ƙanwarki,
Binta