Ƙwaryar Ma'u

Malam, sannu da dawowa daga Aujara. Ban ga takarda ba, na rubuta a bayan allonka. Wannan ba na sha ba ne, kar ka wanke wa kowa!

'Yarmu Ma'u ba ta da tarin fuka! Baturen likitan nan da ya sauka a Dutse, safiya uku Iya mahaifiyarka tana kai masa ita, Ma'u tana tofa kaki a ɗan faranti, yana leƙawa ta madubinsa. Ɗazu malamin asibitin da ke taimaka masa ya ce wa Iya babu ƙwayar cutar ko ɗaya. Ba irin tarin da ya ɗauke yayanta ba ne. A ba ta madara da ƙwai, a komo da ita in likita ya sake zagayowa.

Iya ta yi guɗa tun daga zaure, ni kuwa na zuba gishiri a kunu. Yana nan a rufe, ka yi haƙuri da shi.

Ka yafe mini, na tafi Yalwawa da Ma'u ban jira izininka ba. Dole Innata ta ji daga bakina. Kafin magariba muna gida.

Ƙwaryar nan da ka ɗaura wa jan zare don a ware mata, ka fasa ta kafin mu dawo. Wata biyar yarinyar nan tana cin tuwo ita kaɗai a gindin rumbu. Yau da na ce ta sa hannu a akushina, sai ta ja baya ta ce, "Umma, kin manta?"

Zuwaira