Keke Ɗaya, Ɗalibai Uku

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Kin ce da sauƙi, amma na san halinki, ko a kwance kike da sauƙi za ki ce. Ni lafiya lau, sai sanyi da gajiya, su kuwa mun saba da juna.

Saƙonki ya iso. Kin ce 'yarki Auta ta nemi gurbin digiri na uku a jami'ar da nake aiki a nan ƙasar waje, irin wanda ake ɗauke wa ɗalibi komai, kuma in sa baki tunda ina ciki. Yaya, ina ciki ne kamar yadda tsintsiya take cikin ɗaki. Aikina kula da ɗakin gilashi inda ake renon tsirrai: in auna ƙasa, in ba da ruwa, in wanke kwalabe, in manna lamba a jikin tukwane. Ku ne dai kuka ƙi daina kirana Dakta. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na zo da irin tallafin da take nema. Na shekara uku aka ba ni, aikin ya ci biyar, tallafi ya ƙare, karatu ya tsaya. Farfesar da ke duba ni ce ta tausaya ta ba ni wannan aiki, kuma duk shekara sai ta sa hannu ake sabunta shi.

Bana gurbi ɗaya Farfesa take da shi, shi ne kuma Auta ke nema. Takardun da suka shigo sun haura ɗari huɗu. Na gan su da idona a kan teburinta, har kofin shayinta sai a kan taga take ajiyewa. Rabinsu ma ba za ta wuce shafin farko ba. Ba don ƙiyayya ba, lokaci ne babu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar shugaban sashensu, wai ta kwantar da hankalinta, shi ya san hanya. Na san shi, ni ma ya koyar da ni. A wannan harka duk wanda ya ce miki ya san hanya, to ki dube shi da kyau. Ki tambayi Auta, da hannunta ta rubuta tsarin bincikenta, ko wani mai shagon kwamfuta ta kai wa? In da hannunta ne, ta yi addu'a ta jira. Baki kam ba zan sa ba, don ba ni da shi.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙaninki.

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan kun wuni lafiya. Na ji an cire miki bandeji, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri, wasiƙar yau ba mai daɗi ba ce.

Shekaranjiya ina cikin canza wa tsirrai tukwane Farfesa ta kira ni ofis. Ta ce ta tace takardun sun dawo ashirin, kuma uku daga ciki daga tsohuwar jami'ata suka fito, tana so in duba mata wani abu. Ta jera mini wasiƙun shaida guda uku, wato waɗanda malami ke rubutawa ya ce ya san ɗalibi kuma ya yaba da aikinsa. Sa hannu ɗaya, na shugaban sashe. Magana ɗaya, daga farko har ƙarshe, suna kawai aka canza. Kowace wasiƙa ta ce lokacin da ma'aikata suka tafi yajin aiki aka rufe famfon gonar gwaji, wannan ɗalibi ya yi kwana arba'in yana ɗauko ruwa a kan keke don kada shuka ta mutu. Farfesa ta cire tabarau ta ce, “Ɗalibai uku, keke ɗaya. Wane ne a gaba, wane ne a baya?”

Ɗaya daga cikin ukun Auta ce. Farfesa ba ta san 'yarki ce ba, tunda sunan mahaifinta take amfani da shi, ni kuma ban faɗa ba. Ta ce ranar Litinin za ta fitar da su duka ukun daga jeri, don wanda ya yi ƙarya a shaida zai yi a sakamakon bincike.

Auta da na sani ko keken yara ba ta iya hawa ba. Ki zaunar da ita, ba a gaban ubanta ba, ki tambaye ta tsakaninta da Allah: ita ta rubuta wannan ta kai aka sa mata hannu? Ko su ukun ne suka haɗa kai suka kwafi na juna? Ko akwai wanda ke sayar musu? Kada ki yarda da kuka, ku matan gidanmu hawaye ba ya muku wuya. Amsa nake so kafin Litinin.

Ƙaninki.

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa kafin in fara. Allah ya sa wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da sanyin zuciya, don za ki buƙace shi.

Na karanta amsar Auta sau uku. Ta ce ba ta taɓa ganin wasiƙar ba, malami ne ke aikawa kai tsaye. Da ta je ta tambayi shugaban sashe, dariya ya yi, ya ce ai yana da wata wasiƙa mai albarka da ya adana a kwamfutarsa, ita ta taɓa fitar da wani ɗalibinsa waje, tun daga nan duk wanda yake ƙauna ita yake aika masa. A ganinsa alheri yake yi.

Yaya, na yarda da ita. Gaskiyar magana, tun a ofishin Farfesa na san ba laifinta ba ne. Keken nan na sani. Na maigidanki ne, mai karyayyen birki, wanda na ara ina shekarar ƙarshe. Ni na ɗauko ruwan. Da na je neman shaida, shugaban sashe ya ce ba shi da lokaci, in rubuto abin da nake so ya sa hannu, kamar yadda kowa ke yi a can. Na zauna na yabi kaina son raina. Kwana goma sha biyu ne ma, ni na mayar da su arba'in. Na tsaya a gaban Farfesa ina kallon kalmomina a ƙarƙashin sunan 'yarki, na yi shiru, na dawo na rubuto miki ina tuhumar yarinya. Tsoro ne. Watan gobe ake sabunta aikina, kuma da wannan wasiƙa ita kanta Farfesa ta ɗauke ni.

Jiya Litinin na riga ta zuwa ofis. Na faɗa mata komai, har da cewa Auta 'yar yayata ce. Sai ta aika aka ɗauko tsohon fayil ɗina, ta ajiye wasiƙata kusa da ukun, suka zama huɗu. Ta tambaye ni ko ruwan ma ƙarya ne, na ce a'a, kwanakin ne na ƙara. Ta tambaye ni me nake so ta yi. Wallahi, Yaya, sunan Auta ne kaɗai ya zo bakina, na haɗiye shi. Na ce yaran nan uku ba wanda ya ga abin da aka rubuta a kansa, in za a ba ɗaya dama a ba su duka.

Ta ba su mako guda kowa ya kawo shaida daga wani malami daban. Ni kuma ta ce kada in sake taɓa takardar kowa, maganar aikina sai ta yi tunani. Ki gaya wa Auta ta nemi malamar da ta duba aikinta na digiri na biyu, wadda ta san ta a gona, ko da ba ta da babban muƙami. Ki kuma ce ta yafe wa kawunta.

Ƙaninki.

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙu biyu na aiko ba amsa, na san dalili, amma dai ina tambayar ƙafar.

Auta ta riga ta gaya miki ba ta samu ba. Abin da ba ta sani ba shi ne ta kai cikin biyar na ƙarshe, daga ɗari huɗu da wani abu. Na ji muryarta ta bango ranar da suka yi mata tambayoyi ta kwamfuta, ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Wanda aka ɗauka ɗaya ne daga cikin ukun nan, abokin karatunta, mai bincike a kan gishirin ƙasa.

Na san abin da ake faɗa a gidanki: da na roƙa wa Auta ita kaɗai, da yaron nan tun Litinin ɗin ya fita. Ni ma na yi wannan lissafi, ya hana ni cin abinci kwana biyu. Har zargi na yi ko Farfesa ta ƙi ta ne don ta hukunta ni. Da aka kammala sai na roƙa ta ba ni tsarin binciken su biyun, na zauna a cikin tsirrai na karanta ina neman inda aka cuce mu. Ban samu ba. Nasa ya fi nata, Yaya. Ba da yawa ba, amma ya fi.

An sabunta aikina na shekara ɗaya, ba tare da ko murmushi ba. Ki ce wa Auta ta sake nema baɗi, a wurare goma, ba inda kawunta yake ba. Ta turo mini abin da ta rubuta in duba, in ta yarda da ni har yanzu.

Yaron zai iso farkon watan gobe. Bai san kowa a nan ba, kuma na tabbata da 'yar rigar shan iska zai sauka, kamar yadda na sauka. Na ce zan je in tarbe shi. Akwai tsohuwar rigar sanyina da na wanke na ajiye wa Auta, ita zan kai masa. In za ki yi fushi da wannan ma, ki haɗa da sauran.

Allah ya bar zumunci.
Ƙaninki, mai ba tsirrai ruwa.