Tarwaɗar Bayan Shago

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yau ɗana Abdulgani ya cika wata tara, wuyansa bai tsaya ba. Ɗan maƙwabciyarmu Joy da aka haifa bayansa har ƙofarmu yake rarrafowa. Matata Sherifat ta daina fitowa da namu tsakar gida.

Alhamis, 8 ga Mayu

Asibiti. Likita ta tambayi sana'ata. Na ce a shagon Alhaji Tajudeen nake, a Fagge, muna tace zinariya da zaiba. Ta ajiye biro. Ta sa aka yanki gashin Sherifat ta ƙeya, za a kai gwaji.

Talata, 20 ga Mayu

Ni kaɗai na je karɓo sakamako wurin Uchenna, mai ɗakin gwaji a Sabon Gari. Zaiba ta yi yawa a gashin. Na ce ai matata ba ta taɓa taka shagonmu ba, ko rigar aikina can nake barinta. Sai ya tambaye ni me ta fi ci da tana da ciki.

Tarwaɗa. Wata shida ba abin da ke zama mata sai farfesunta. Ni nake kamo mata a kududdufin bayan shago, inda muke zubar da ruwan wankin zinariya. Alhaji kullum cewa yake zaiba nauyi gare ta, tana nutsewa a taɓo ta kwanta, shi ke nan. Ni ma da idona na sha ganin tana nutsewa.

Uchenna ya ce can cikin taɓon, inda iska ba ta kaiwa, akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Su ke juya zaibar ta koma wata iri mai kama tsoka. Tsutsa ta ci, ƙaramin kifi ya ci tsutsa, tarwaɗa ta cinye shi, tana ta taruwa. Wai haka ake yi har a ƙasan teku. Dahuwa ba ta fitar da ita.

Na ce to ita ta taɓa min yaro?

"Ɗan'uwa, ba zan rantse maka ba. Amma tana ratsa mahaifa."

Manya-manya nake zaɓo mata. Ya ce manyan sun fi tarawa.

Laraba, 21 ga Mayu

Na ce wa Sherifat sakamako bai fito ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Na faɗa wa Alhaji. Ya yi dariya, wai ni Akeem na zama likita, shi shekara talatin yana zuba ruwan nan. Amma bai ci abincin rana ba.

Na dawo na tarar Sherifat tana kuka. Wai ta tabbata faɗuwar da ta yi a banɗaki da cikin wata bakwai ce ta jawo wa yaron. Har tana neman gafarata. Ita ke neman gafarata. Na ce ƙaddara ce, na fita kamar zan yi alwala.

Juma'a, 30 ga Mayu

Na faɗa mata da safe, tana ba Abdulgani kunu. Duka, har maganar manyan.

Ta daɗe tana juya cokali. Ba zagi, ba kuka. Can ta tambaya wa kuma ke kamun kifi a wurin. Na ce wani Celestine, yana kai wa masu farfesu.

"Ƙanwar Joy na da ciki. Wurinsu take saya."

Ta ɗauki gyale. Muka tafi gargaɗin Celestine. A shataletalen Bata ta kwance goyo ta miƙo min shi, ba ta dube ni ba. Na tallafi wuyan da tafin hannu har gidan Celestine.

Kwana uku ke nan ban je shago ba. Ciwon kai ne kawai, haka nake faɗa wa kaina.